RAMUWAR GAYYA A KASUWA: YADDA INGILA TA KAMA JAMUSAWA DA LAIFIN DANMAK, TA ƘARE DA BIYAN DIYYA

Duk sanda aka rufe wa 'yan kasuwarmu shaguna a Kumasi, ko aka tare motar albasa a hanyar Kudu aka wawashe, ba a awa biyu sai ka ga Facebook ya cika da magana ɗaya: a rama. A rufe nasu shagunan, a tare nasu motocin, su ma su ɗanɗana. Ni kaina na sha rubuta irin wannan idan zuciya ta ɗebe ni, ba zan ɓoye ba. Kwanan nan maganar ta sake tasowa a ƙarƙashin wani rubutu nawa, har wani bawan Allah ya ce mini ma'aikacin gwamnati ba zai san zafin asara ba, tunda albashinsa na shigowa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ko da yake albashin ma mu muka san yadda muke ƙarewa da shi. Maimakon mu yi ta cacar baki, na ce bari in kawo tarihin wasu mutane da suka mayar da ramuwa doka, suka yi aiki da ita ɗaruruwan shekaru. Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri.

A Turai ta shekaru 600 zuwa 700 da suka wuce, idan ɗan kasuwar Ingila ya je wata ƙasa aka ƙwace masa kaya, ko aka ci bashinsa aka ƙi biya, babu wata kotu da ke sama da sarakunan ƙasashen biyu da zai kai ƙara. Sai ya dawo gida ya kai kuka wurin sarkinsa. Sarki ya rubuta wa takwaransa cewa ga talakana an zalunce shi a ƙasarka, a yi masa adalci. In aka yi shiru, a sake rubutawa. Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ya san wannan takardar tunin, mu ma ita muke ta aikawa har fayil ya yi kauri. Idan an tabbatar can ɗin ba su da niyya, sai sarki ya ba mutumin takardar izinin ramuwa: duk inda ya ga kayan ɗan waccan ƙasar, ko wane ne, ya kama har ya cika adadin asararsa. Wanda aka kama wa kaya, ko bai taɓa jin sunan ɓarawon ba, sai ya koma gida ya nemi haƙƙinsa wurin nasa sarkin.

Ga misali. A 1295 an ba wani ɗan kasuwa mai suna Bernard, mutumin Bayonne (garin yana Faransa yanzu, amma a lokacin yana ƙarƙashin Sarkin Ingila Edward I), irin wannan takarda. Ya yi lodin zabibi da busasshen ɓaure da almon zai kai Ingila, mutanen Fotugal suka ƙwace jirgin suka kai Lisbon. An ƙiyasta asararsa fam 700. Takardar ta ba shi shekara biyar ya kama kayan 'yan Fotugal har kuɗinsa su fita, da sharaɗin duk abin da ya haura ya mayar. Ka ga ke nan akwai adadi, akwai wa'adi, akwai lissafi. Wani babban malamin shari'a na Italiya, Bartolus, har littafi guda ya rubuta a 1354 a kan ƙa'idojin abin.

Su kansu sun san abin bai dace da adalci ba. A cikin gida, dokar Westminster ta 1275 ta hana a kama mutumin wani gari na Ingila da bashin ɗan garinsu, sai in shi ne ya ci bashin ko ya tsaya wa mai bashin. Mu da muka taso da ƙa'idar shari'a cewa ba a kama wani da laifin wani, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Amma da zarar an ƙetare ruwa, sai ƙa'idar ta tsaya a gaɓa. Ko Magna Carta ta 1215 da lauyoyinmu ke yawan ambato, ta ce idan yaƙi ya ɓarke a tsare 'yan kasuwar abokan gaba ba tare da an taɓa jikinsu ko kayansu ba, har a ji yadda aka yi da 'yan kasuwar Ingila a can. A taƙaice baƙon falke jingina ne mai tafiya da ƙafarsa.

Kuma sau da yawa rigimar ma ba ta 'yan kasuwa ba ce. A 1270 Margaret, mai mulkin Flanders (yankin Beljiyam na yau), tana bin gidan sarautar Ingila wasu kuɗi da aka saba ba gidansu duk shekara aka daina. Sai ta sa aka kama kayan 'yan kasuwar Ingila da ke ƙasarta. Ingila ta kama na mutanenta, ta kuma hana fitar da ulu zuwa Flanders, alhali masaƙan Ghent da Bruges da Ypres da ulun Ingila suke rayuwa. Sai 1274 aka sasanta. Abin da ya ba ni dariya, shekara guda bayan haka, a 1275, sarki ya kafa kuɗin fito na dindindin a kan kowane buhun ulu da zai fita, sule shida da kwabo takwas. Gwamnati ta gano a lokacin takunkumin cewa tana iya tsayawa a bakin tashar jirgi ta ƙirga buhuna, to me zai hana ta karɓi wani abu? An gama rigima, haraji ya zauna.

Yanzu ga ainihin labarin da na zo da shi, labarin Hansa. A lura, Hansa na ce, da "n", kada wani ya je ya ce na ce Hausawa sun yi yaƙi da Ingila a teku. Hansa ƙungiya ce ta garuruwan kasuwanci na arewacin Jamus da gaɓar tekun Baltic. Uwar ƙungiyar ita ce Lübeck, sai irin su Hamburg da Bremen da Cologne da Danzig, wanda yau ake kira Gdansk a ƙasar Polan. Ba su da sarki ɗaya, ba su da sojoji na dindindin. Taro suke yi lokaci-lokaci su yanke shawara, garin da ya saɓa a kore shi. Su ke kawo wa Ingila katako da kwalta da kakin zuma da fatu da hatsi, su sayi yadin ulu su kai gabas. Suna da manyan masaukai huɗu a ƙasashen waje: Novgorod a Rasha, Bergen a Norwe, Bruges, da Landan.

Masaukinsu na Landan, Steelyard, yana bakin kogin Thames. Unguwa ce mai katanga da ƙofa da ake kullewa da dare, da rumbunan ajiya, da shugabansu da ke yi musu shari'a a tsakaninsu, kuma maza zalla, ba a zama da iyali. Wanda ya san zangon Hausawa a Kumasi ko Sabo a Ibadan zai gane tsarin: baƙi masu harshe ɗaya, da sarkinsu, suna zaune a garin wasu bisa yarjejeniya. Bambancin shi ne irin gatan da waɗannan suka samu. Tun daga yarjejeniyar da Edward I ya yi da baƙin 'yan kasuwa a 1303, Hansa suka riƙe takardarsu gam, duk harajin da aka ƙaro daga baya su ce ba ya cikin abin da suka sa hannu. Sakamakon haka, a kan kowane bandir na yadi da za a fitar, Bahanse yana biyan kwabo 12, wato sule guda. Ɗan ƙasa, Baturen Ingila, yana biyan kwabo 14. Sauran baƙi, irin su Italiyawa, sule biyu da nai. A sake karantawa: baƙo yana biyan ƙasa da ɗan gida, a tashar ɗan gidan. Sarakunan Ingila sun bar abin haka saboda suna bukatar kayan gina jiragen ruwa, wani lokaci kuma suna bukatar rance.

'Yan kasuwar Ingila ba su ce a kori Hansa ba da farko. Cewa suka yi, yadda kuke sakewa a Landan, mu ma a bar mu mu sake a Danzig: mu yi masauki namu, mu sayar wa wanda muka ga dama, mu shiga cikin ƙasa da hajarmu. Danzig ta ce atafau. Wanzami ba ya son jarfa. An yi yarjejeniya a 1388, an yi wata a 1409, an sake yi a Landan a 1437 wadda ta amince da cewa a yi wa kowa daidai, amma mahukuntan Prussia, inda Danzig take, suka ƙi tabbatar da ita. A wannan gaɓar, gaskiya, 'yan Ingila ke da ita. Abin da suka yi da gaskiyar tasu shi ne matsalar.

A watan Mayun 1449 wani babban ayarin jirage sama da 100 ya taso daga gaɓar Bourgneuf a yammacin Faransa ɗauke da gishiri. Gishirin nan shi ne ran cinikin kifi a arewacin Turai, don babu firji, in ba gishiri kifi ya ruɓe. Wani Robert Winnington, wanda gwamnatin Ingila ta ba aikin tsare teku daga 'yan fashi, ya tare su ya ce su sauke filafilansu da sunan Sarkin Ingila. Suka mayar masa da baƙar maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ya kora ayarin gaba ɗaya zuwa tsibirin Wight. Ingila ba ta yaƙi da kowa a cikinsu. Daga baya aka saki jiragen mutanen Holan da Flanders, aka riƙe na Hansa, ciki har da 16 na Lübeck da 14 na Danzig. Mai gadi ya zama ɓarawo, kuma gwamnatin Henry VI, wadda a lokacin take ta shan kashi a hannun Faransa, ba ta da ƙarfi ko niyyar hukunta shi.

A nan akwai wani abu da nake so masu cewa "a rama" su duba. Danzig ta rama nan take, domin akwai 'yan Ingila da kayansu jibge a garin, ta kama ta biya mutanenta. Lübeck kuwa ta duba ba ta ga kayan Ingila na kirki a hannunta ba, don 'yan Ingila ba su cika zuwa can ba. Sai ta zauna da ciwon a zuciya. A 1450 wasu jiragenta suka kama jirgin da ke ɗauke da jakadun Ingila masu zuwa sulhu a Prussia, aka kai su Lübeck aka tsare. A 1458 kuma Warwick, babban basaraken da ake wa laƙabi da mai naɗa sarakuna, wanda ke riƙe da garin Calais kuma sojojinsa ba sa samun albashi, ya sake kama wani ayarin gishiri na Lübeck, jirage 18. Wato shekara tara ba a biya na farko ba, an ƙara na biyu.

A wannan shekarar dai, wani attajirin Bristol, Robert Sturmy, ya yi ƙoƙarin kai haja gabashin Bahar Rum da kansa don ya tsallake dillancin Italiyawa. 'Yan fashin Genoa suka tare shi kusa da Malta, aka kashe shi. Gwamnatin Ingila ta tattara duk mutanen Genoa da ke Landan da Southampton ta kulle, sai da suka biya fam 6,000. Wannan karon ramuwa ta yi aiki, kuɗi sun fito. Ina jin wannan nasarar na cikin abin da ya ruɗi Ingila shekara goma bayan haka.

A 1467, wato shekara huɗu da hawan Muhammadu Rumfa sarautar Kano, wasu 'yan kasuwa da masunta na Ingila suka je tsibirin Aislan neman busasshen kifi, irin wanda har gobe ake shigo da shi Najeriya daga can da Norwe. Tsibirin yana ƙarƙashin Sarkin Danmak, kuma akwai yarjejeniya cewa ba a zuwa sai da izininsa. Gwamnan wurin, Björn Thorleifsson, ya je ya hana su, suka kashe shi. A shekara ta gaba, 1468, Sarkin Danmak Christian I ya rama. Ya tare wasu jiragen Ingila, ba su kai goma ba, a mashigin ruwan da ake bi a shiga Baltic, ya ƙwace. Mafi yawan masu kayan ba su taɓa taka Aislan ba.

Masu kaya suka garzaya fadar Edward IV. To a nan aka samu cikas: babu 'yan Danmak masu dukiya a Landan da za a kama. Amma ga Steelyard nan cike da yadi da kuɗi. Sai aka samo hujja, wai a cikin jiragen da suka yi wa Sarkin Danmak aikin akwai matuƙa 'yan Danzig. Hansa suka ce waɗannan mutane haya sarkin ya ɗauke su, ƙungiya ba ta aike su ba, hasali ma Hansa ba ƙasa ɗaya ba ce da za a kama ɗan Lübeck da laifin ɗan Danzig. Ba a saurare su ba. A watan Yuli aka rufe Steelyard, aka kama mutanen ciki, a watan Nuwamba majalisar sarki ta yanke cewa su biya fam 20,000. Kuma wasu daga cikin manyan da suka zauna yanke hukuncin suna da hannun jari a jiragen da aka ƙwace. Duk wanda ya taɓa zama sakataren kwamiti ya ga irin wannan zaman, inda mai ƙara ke zaune a kujerar alƙali, kai kuma naka rubuta abin da aka ce.

Abin sha'awa, cikin waɗanda suka roƙi a saki Jamusawan har da masu saƙar yadi na karkarar Ingila, musamman na yankin Gloucestershire, domin Hansa ne manyan masu sayen yadinsu. Attajirin Landan yana murna an kulle kishiyarsa, masaƙi a ƙauye yana kallon yadi jibge ba mai saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tuna da wannan a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu. Lallai an ji a jika a Legas, farashi ya tashi, kuma hukumomi sun zauna da shugabannin ƙungiyar. Amma a kwanakin nan tumatir ɗin manomin rani a nan gida yake narkewa a kwando, kuma shi ba a kira shi teburin sulhu ba.

Ingila ta yi wata dabara. Ta ware mutanen Cologne ta sake su, ta bar musu Steelyard da duk gatan su kaɗai. Cologne cinikinta da Ingila ne, giyar inabi take kawowa ta sayi yadi, ba ruwanta da rigimar Baltic. Shugabansu a Landan, Gerhard von Wesel, ya karɓi tayin. A lissafin ciniki na wannan shekarar ya yi daidai. Sauran garuruwan suka kira abin cin amana, suka kori Cologne daga ƙungiya a 1471.

Daga nan sai yaƙi. Hansa ta janye mutanenta, ta haramta shigo da yadin Ingila garuruwanta, Danzig da Lübeck da Hamburg suka ba matuƙansu izinin farautar jiragen Ingila. Ba wani gagarumin yaƙi ba ne na runduna da runduna, fashi ne mai lasisi, yau a kama naka gobe ka kama nawa. Sai kuma siyasar cikin gida ta Ingila ta shigo ta juya komai. A watan Oktoban 1470 Warwick ɗin nan ya juya wa Edward baya ya kore shi daga mulki. Sarki ya tsere ta tashar Lynn a gaggauce, ko kuɗin biyan mai jirgi babu, sai rigarsa ya cire ya bayar. A tsakiyar teku jiragen Hansa suka hango shi suka bi shi, da ƙyar ya kai gaɓar Holan. Mutumin da ya kulle su shekara biyu da suka wuce, saura ƙiris ya faɗa hannunsu.

Bayan wata biyar, a Maris 1471, Edward ya tashi komawa ƙwato gadonsa da taimakon surukinsa Charles na Burgundy. Su wa suka raka shi da jirage har ya sauka a Ravenspur? Hansa. Ɗan kasuwa ba ya riƙon da zai hana shi riba, sun ga gara sarkin da zai ji nauyinsu a kan Warwick da ya yi musu fashi. Edward ya ci yaƙi, aka kashe Warwick a Barnet, ya koma kan gado. Sai ya yi kamar ya manta, ya ci gaba da sabunta wa Cologne gatanta. Aka koma ruwa.

A nan ne wani matuƙin Danzig, Paul Beneke, ya yi abin da ya sa har yau ake tuna yaƙin. A watan Afrilun 1473 ya tare wani babban jirgi da ya taso daga wajen Bruges zai biya ta Ingila kafin ya wuce Italiya. Jirgin yana ɗauke da tutar Burgundy, wadda ba ta cikin yaƙin, kuma kayan na hannun Tommaso Portinari ne, wakilin bankin Medici na Florence. Akwai alam da marina ke kama launi da shi, akwai yadudduka masu tsada, akwai kuma wani babban zane na ranar hisabi da mai zane Hans Memling ya yi, wanda aka yi oda don wani coci kusa da Florence. Beneke ya ce tunda jirgin Ingila ya nufa, halal ne. Medici suka kai ƙara ko'ina, Fafaroma Sixtus IV ya sa baki, Danzig ta toshe kunne. Ka duba nisan da abin ya yi: an kashe gwamna a Aislan saboda kifi, an kulle Bajamushe a Landan, ga Ba'italiye yana kukan zanensa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, Hansa ba waliyyai ba ne.

Abin da ya kawo ƙarshen rigimar shi ne Edward yana shirin kai wa Faransa yaƙi, kuma ba zai iya ƙetarar da runduna ba alhali jiragen Hansa na yawo a bayansa. Aka zauna a Utrecht, aka sa hannu a watan Fabrairun 1474. An mayar wa Hansa duk gatansu. An mallaka musu Steelyard ɗungurungum, wanda a da haya suke, aka ƙara musu gida a Boston da wani a Lynn. Ingila ta amince da diyyar fam 10,000. Cologne kuwa, wadda ta tsaya wa Ingila, Edward ya sallama ta, aka fitar da mutanenta daga Steelyard, sai 1476 ta koma ƙungiya bayan ta ba da haƙuri ta biya tara. Haƙƙin 'yan Ingila a Danzig, wanda shi ne asalin rigimar tun kusan shekara 90, an rubuta shi da lafazi mai santsi, Danzig kuma ta ci gaba da yin yadda ta saba.

Yadda aka biya diyyar ma abin dubawa ne ga mu ma'aikata. Ba a ɗauko fam 10,000 daga baitulmali an miƙa ba. Cewa aka yi Hansa su riƙa shigo da kaya suna fitarwa ba tare da biyan kuɗin fito ba har adadin ya cika, abin da ya ɗauki shekaru. Wato wanda yake da jarin ci gaba da ciniki shi ya fara cin moriyar diyyar. Wanda jirginsa ɗaya tilo ya tafi a ayarin gishiri na 1449, shekara 25 ke nan, in ma yana raye, sai ya jira abin da ƙungiya za ta raba. Su kuma 'yan Ingilan da Danmak ta ƙwace wa kaya, waɗanda don su aka tayar da ƙurar, yaƙin ya ci jiragen 'yan uwansu da kasuwarsu ta gabas.

To ga amsata ga ɗan uwana mai cewa ban san zafin asara ba. Ban ce ramuwa ba ta taɓa aiki ba, ga Genoa nan ta biya, ga Hansa ta durƙusar da sarki. Amma Hansa ta yi nasara ne don tana da abin da Ingila ba ta iya rayuwa babu shi, tana da jirage, ta iya hukunta garin da ya ɓalle, sannan ta dace da lokacin da abokin faɗanta ke yaƙin basasa. Kafin mu ce a rufe shagon wani a Sabon Gari, sai mu ƙirga mutanenmu nawa ne ke kwana a zangon garinsu, don su ne jinginar da ke hannunsu, kuma ba su aka tambaya ba. Iyayenmu sun ga 1969 da Ghana ta kori baƙi, sun ga 1983 da muka kori nasu. Mun ga yadda kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi tsit da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 2023. Sannan ko waɗancan mutanen na shekaru 700 baya, da duk rashin imaninsu, sai an rubuta wa sarki, an jira amsa, an ƙiyasta asara, an sa wa'adi. Abin da nake gani ana kira a nan, wanda matasa za su fita da sanduna kafin a tabbatar da bidiyon ma na bana ne, ko Winnington ya fi shi tsari, shi aƙalla ya rubuta rahoton abin da ya kama.

Hansa ta ci gatan Utrecht kusan shekara 80. Amma a tsawon lokacin 'yan kasuwar Ingila suka haɗa kansu a tasu ƙungiyar, suka mayar da hankali kan kasuwar Antwerp, ƙasar ta gina jiragenta. A 1552 gwamnatin Edward VI ta soke gatan, a 1598 Sarauniya Elizabeth I ta rufe Steelyard ta ba Jamusawan wa'adi su fice, kuma a wannan karon Hansa ba ta da ƙarfin ko tari. An mayar musu da filin daga baya, amma ba gata. Lübeck da Hamburg da Bremen suka ci gaba da karɓar haya a kansa har tsakiyar ƙarni na 19 da suka sayar, aka gina tashar jirgin ƙasa ta Cannon Street a wurin, aka buɗe ta a 1866. Gidan da aka ba su a Lynn yana nan tsaye. Zanen Memling kuwa bai taɓa isa Florence ba. Napoleon ya ɗauke shi ya kai Paris, aka dawo da shi, sojojin Rasha suka tafi da shi bayan yaƙin duniya na biyu, aka sake dawo da shi a 1956. Yana rataye a gidan tarihi na Gdansk.